Wa Zai Taka Tsaunukan Abzin?

A shekarar 1991 hukumar UNESCO ta sa gandun Abzin da Tenere, da ke arewacin Jamhuriyar Nijar, cikin jerin wuraren da duniya ta gada. Shekara ɗaya tak bayan haka, a 1992, ta mayar da sunansa cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari, saboda tawayen da ya ɓarke a yankin. Yau sama da shekara talatin ke nan, sunan bai fita daga wannan jeri na biyu ba. Ba ƙaramin wuri ake magana a kansa ba: faɗinsa murabba'in kilomita 77,360 ne, wato ya ɗan ɗara Jihar Neja, wadda ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Najeriya. Gwamnatin Nijar ta keɓe shi tun 1988, ya haɗa gabashin tsaunukan Abzin da yammacin rairayin Tenere, kuma a tsakiyarsa aka sake killace wani yanki da aka hana kowa shiga, domin farar dabbar nan ta hamada mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks.

Ka tsaya a tashar mota a Kano ko Katsina ko Maraɗi ka ambaci Agadas, abin da zai fara faɗo wa mutane a rai shi ne hanyar Libiya, sai zinariyar Jado, sai wataƙila albasa. Da wuya ka sami wanda zai ce maka wuri ne da magidanci zai ɗauki hutunsa ya je ya hau dutse, ya yini a lambun dabino, ya kwana yana kallon sararin Allah. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin a ganina shi ne tushen ciwon gandun. Muddin duk masu ziyartarsa daga ƙetaren teku suke zuwa, zai ci gaba da rayuwa da mutuwa bisa ga abin da ofisoshin jakadancin Turai suka rubuta wa 'yan ƙasarsu. Maƙwabtansa na kudu ne za su iya riƙe shi, wato mu, kuma hanyar da ta fi amfanar mutanen wurin ita ce mu je mu taka shi da ƙafa.

Abin mamakin shi ne, babu wata al'umma a duniya, in ka cire Abzinawa da kansu, da ta kai Hausawa daɗewar hulɗa da waɗannan duwatsu. Gobirawa a tarihinsu na baka suna cewa a Abzin suka zauna kafin su gangaro kudu. Tarihin sarakunan Kano ya danganta yawaitar gishiri a ƙasar Hausa da zuwan Abzinawa a zamanin Sarki Yakubu, cikin ƙarni na 15. Ta Abzin Shehu Magili ya biyo kafin ya iso Kano da Katsina a ƙarshen wannan ƙarnin. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, har Agadas don neman ilimi. Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka yi fice a fataucin goro, asalinsu daga can ne, kuma cikin Agalawa Alhassan Ɗantata ya fito. Turkuɗin da marina Kura da na Ƙofar Mata suka rina, shi ne rawanin da Ba'abzine ke ƙawa da shi ranar biki. Ayarin raƙuma kan ratsa Tenere zuwa Bilma ya ɗauko kantun gishiri da dabino, ya gangaro Damagaram da Kano ya musanya da gero. Har gobe Hausa ce harshen kasuwar Agadas. Bahaushen da ya sauka a garin ba ya bukatar tafinta, kuma ba zai rasa wanda zai kira shi ɗan'uwa ba. Duk da haka, Bafaranshe da Bajamushe da mutumin Italiya sun fi mu sanin inda Timiya take.

Bari in ɗan faɗi abin da ke can, tunda yawancinmu hamada a wurinmu rairayi ne kawai ba iyaka. Abzin tarin tsaunuka ne baƙaƙe, kowanne a ware yake da ɗan'uwansa, kwaruruka da busassun ƙoramu sun raba tsakaninsu. A cikin gandun akwai Tamgak, wanda tsayinsa ya kusa mita 2,000, da Gerebun can arewa mai mita 1,944. Kudu da gandun kuma ga Bagzan, inda ƙololuwar da ta fi ko'ina tsayi a Nijar take, mita 2,022. Saboda tsayin nan, girgije kan tsaya ya zubar da ɗan abin da ya ɗauko, ruwan ya gangara cikin ƙoramu ya nutse ƙarƙashin yashi, ya zauna kusa da inda guga za ta iya kaiwa. Shi ya sa a tsakiyar Sahara za ka tarar da goruba da aduwa da magarya da tumfafiya, itatuwan da muka sani a gida, a ƙwanƙolin duwatsu kuma ga zaitun na daji, wanda danginsa suke can gaɓar Bahar Rum. A cikin tsagin duwatsu akwai tafkuna da ba sa ƙafewa ko da bazara ta yi tsanani. A kusa da su gwaggon biri da jan biri suke rayuwa, ragowar zamanin da wannan ƙasa take da dausayi, yanzu hamada ta yanke su daga sauran danginsu na kudu.

Wanda ya sauka Agadas, ko bai nausa cikin gandun ba, yana da tafiye-tafiyen yini guda da za su cika masa ido. Tsohon garin kansa UNESCO ta sa shi cikin jerinta a 2013. Hasumiyar babban masallacinsa, mai tsayin mita 27, da zallar laka aka gina ta a farkon ƙarni na 16, aka sake ta a 1844, kuma har yanzu ana hawanta. Gidan da Baturen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka a 1850 yana nan. Da ka fita garin ta arewa maso gabas ka bi ƙoramar Telwa, sai lambuna. Akwai kuma Tafadek, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, mutane na zuwa wanka don neman sauƙin ciwon gaɓoɓi. A gefen hanyar Arlit kuma akwai Dabus, inda wasu mutane da ba wanda ya san sunansu suka sassaƙa raƙuman dawa guda biyu a jikin falalen dutse. Babban ya kai mita 5.4, an fitar da kowane zane na fatarsa, kuma masana na ƙiyasta shekarunsa tsakanin 6,000 zuwa 8,000. A kewayensa akwai wasu zane-zanen sama da 800. Wanda ya yi wannan aiki ya ga raƙumin dawa da idonsa yana kiwo a inda yau ko akuya sai ta wahala. Duk ɗalibin da aka koya wa sauyin yanayi a allo, da za a tsayar da shi gaban wannan dutse, ba sai an sake yi masa bayani ba.

Timiya, da ke gefen gandun, tana da nisan sama da kilomita 200 daga Agadas, a kan hanya mai duwatsu da ke cin yini. Gari ne a cikin kwari, baƙin dutse ya kewaye shi, lambunansa na ba da lemu da rumman da inabi da dabino. Tun da can raƙumi ko sa ke jan guga daga rijiya, ruwan ya bi ƙananan magudanai zuwa kowane fangali, ko da yake yanzu injin ban-ruwa ya shigo. Daga garin mutum na iya fita da hantsi ya taka zuwa inda ruwa ke zubowa daga kan dutse cikin tafki, ko ya hau tudun da Faransawa suka gina ganuwarsu ya hango kwarin gaba ɗaya, ya dawo kafin azahar. Tsakanin Timiya da Iferwan akwai kufan Asode, tsohon birnin Abzinawa wanda ya riga ya fara dusashewa kafin yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 ya ƙarasa shi. Bangon masallacinsa da na gidajensa na nan a tsaye, ba kowa. Bagzan kuwa tun fil azal da ƙafa da jaki ake hawansa. A samansa akwai ƙauyuka da gonakin albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa, da sanyin da mutumin Sakkwato ba zai yarda akwai irinsa a Nijar ba.

Sai gabas, inda dutse ya ƙare rairayi ya fara. Nan ne hotunan da suka sa duniya ta san Nijar suka fito: Arakawo, inda tsaunuka suka yi da'ira suka bar ƙofa guda ta gabas, iska ta turo tudun yashi ya shige ciki, Temet, inda tuddan rairayi suka kusa mita 300 a gindin Gerebun, da duwatsun marmara masu shuɗi-shuɗi da suka ɓullo daga cikin jan yashi. Can kudu maso gabas kuma, a kan hanyar ayari, itacen nan na Tenere ya taɓa tsayawa shi kaɗai, ba wani itace a kusa da shi sai an yi doguwar tafiya, har wani direban babbar mota ya banke shi a 1973. Gawarsa na gidan tarihi na Yamai, a gurbinsa kuma an kafa na ƙarfe.

Wannan dukiya ta taɓa ciyar da Agadas. Daga shekarun 1970 zuwa ƙarshen shekarun 1980 Turawa sun riƙa kwararowa, wasu ta Aljeriya da motocinsu, wasu ta sama. Gasar motoci ta Faris zuwa Dakar ta riƙa yada zango a garin. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa, da kamfanin yawon buɗe ido ya fara yin suna kafin ya zama jagoran tawaye. Direbobi da masu dafa abinci da maƙeran azurfa da dukawa da masu hayar raƙuma duk sun samu. Tawayen 1990 ya tsayar da komai. Aka yi sulhu a Afrilun 1995, jiragen shata daga Faransa suka riƙa sauka a lokacin sanyi, kasuwa ta farfaɗo. A Fabrairun 2007 aka kai hari Iferwan, tawaye na biyu ya tashi, aka binne nakiyoyi a hanyoyi. Kafin a gama murmurewa daga wannan, aka sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a Satumban 2010, yaƙin Libiya ya biyo baya a 2011, aka kai harin ƙunar baƙin wake Agadas da Arlit a Mayun 2013. Ƙasashen Turai suka shafa wa yankin jan fenti a taswirarsu, shi ke nan.

Ba na ganin laifin Baturen da ya ƙi zuwa inda gwamnatinsa ta ce masa kada ya je. Laifin na yadda aka gina sana'ar ne tun farko. An gina ta kamar mai tuwon sayarwa da ta dogara da mai saye guda: ran da ya yi zazzaɓi, tukunya ta kwana. Farashi da kuɗin Turai aka yanka shi, talla a Faris aka yi ta, tsarin tafiyar kuma na mako ɗaya ko biyu ne a cikin motar kat-kat, abin da malamin makaranta na Damagaram ko ɗan kasuwar Kantin Kwari ba zai ko tambayi kuɗinsa ba. Ba wanda ya zauna ya tsara tafiyar kwana uku mai sauƙin kuɗi don mutanen Tawa da Maraɗi da Katsina, domin ba a taɓa ɗaukarsu masu ziyara ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Direban da ya san kowace rijiya tsakanin Agadas da Dirku bai manta hanya ba don Turawa sun daina zuwa. Ya koma ɗaukar matasan Afirka ta Yamma zuwa iyakar Libiya, har dokar 2015 ta haramta wannan, aka kama motoci aka ɗaure mutane, kafin gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023. Wasu suka nufi ramukan zinariya da aka gano a Jado da Cibarkaten a 2014. Gandun shi ya biya kuɗin wannan sauyi. Dubban masu haƙa suna bukatar itacen girki da gawayi da nama, ga makamai sun yawaita, ga babura da motocin da ke iya bin barewa har ta faɗi don gajiya. Jiminar Abzin mai jan wuya, wadda a shekarun 1980 ake ganinta garke-garke, ta ƙare a daji. 'Yan kaɗan da suka rage a killace ake kiwonsu a Iferwan da Kelle. Mena, barewar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar ke ɗauke da sunanta, saura ƙalilan a wasu lunguna na tsaunukan. Adaks ɗin da aka killace wa yanki guda sukutum an daɗe ba a gan ta a cikinsa ba. Ko a gandun Termit da Tin Tumma, inda ta koma, binciken da aka yi a 2016 guda uku kacal ya gani. Ma'aikatan gandun daji 'yan ƙalilan ba za su iya tsare ƙasar da ta fi Jihar Neja faɗi ba. Masu iya tsare ta su ne makiyaya da masu lambu da ke cikinta, su kuma sai in barewa mai rai ta fi matacciya amfani a gare su.

A nan ne maganar tafiya da ƙafa ta shigo, kuma ina ganin ita ce ba a ba ta muhimmancin da ya kamace ta ba. In baƙi suka zo a kat-kat, kuɗin yana tsayawa ne wurin mai motar da mai gidan mai da mai kanti a Agadas, domin daga can ake loda komai, har ruwan sha. Motar ta wuce ƙauye da gudu, ta bar wa yara ƙura. Tayarta ta murƙushe ciyawar da raƙuma ke jira, ta bi ta kan wuraren da kayan mutanen da suke a warwatse a ƙasa, duwatsun niƙa da kan kibau da fasassun tukwane, waɗanda dama masu ziyara sun daɗe suna tsinta suna zubawa a aljihu. Mai tafiya da ƙafa kuwa dole ya nemi jagora ɗan wurin, ya yi hayar jaki ko raƙumin da zai ɗauki kaya da salkar ruwa, ya sayi cuku a wurin matan makiyaya, ya sayi tumatir da lemu a bakin lambu, ya biya wanda zai gasa masa gurasa a cikin toka da yashi. Kuɗinsa kaɗan ne, amma a hannu goma yake sauka, kuma duk hannayen a cikin gandun suke. Ban da haka, mai tafiya a ƙasa shi ke ganin sawun ragon dutse a bakin tafki, shi ke lura da zanen da ke ƙarƙashin wani dutse, shi ke zama a sha shayi har kofi na uku a ji labarin fari da na ambaliya daga bakin wanda ya gani. Wanda ya san sunan jagoransa da na 'ya'yansa, in ya koma gida ya ji an ce ana sare itatuwan kwarin, abin zai taɓa shi.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiya: tsaro fa? Ba zan rufe wannan da kalamai masu daɗi ba. A farkon 2025 an sace wasu mata biyu Turawa a cikin garin Agadas kansa. Akwai 'yan fashi a hanyoyin zinariya, kuma ɗan fashi ba ya tambayar launin fata kafin ya ƙwace mota. Wuraren da aka taɓa binne nakiya sai da wanda ya san su. Tun juyin mulkin Yulin 2023 da ficewar Nijar daga ECOWAS, ƙetare iyaka ya ƙara wuya ga ɗan Najeriya. Ba na ce wa kowa ya ɗauki jaka gobe ya nufi Temet ba. Can ciki sai da izinin hukuma da shawarar mutanen wurin, in sun ce a dakata a dakata. Amma tsaro ba abu ɗaya ba ne a ko'ina. Motocin haya na zirga-zirga kullum tsakanin Damagaram da Agadas, tafiyar kilomita wajen 450 ta Tanut da Adarbisanat. Manyan motocin albasa na sauka daga Tabelot. Jama'a na taruwa a Ingal kowace Satumba don bikin gishiri, ana bikin Biyanu a Agadas, ana bikin Abzin a Iferwan. Mutanen ƙasa suna kai da kawowa a wuraren da Bature ba zai iya zuwa ba sai da rakiyar soja, kuma Bahaushe da rawaninsa cikin waɗannan mutane yake sajewa. Aljeriya ma ta sha irin wannan jan fenti, amma 'yan ƙasar da kansu suke cika Janet da Tagit da Timimun a hutun ƙarshen shekara, su suka riƙe wa jagorori sana'arsu.

Wani kuma zai ce Bahaushe ba ya yawon banza, wanda ke neman na cefane ina shi ina hawan dutse. Talauci gaskiya ne, amma ban yarda cewa ba mu tafiya ba. Mutanenmu na shiga mota su yi kwanaki a hanya zuwa Kaulaha don Maulidi. Ana zuwa Hubbaren Shehu daga ko'ina. Ana cika Argungu lokacin bikin kamun kifi, makarantu na kai ɗalibai Yankari, masu hali kuma na kashe abin da ya fi haka a Dubai da Alƙahira. Bahaushe na tafiya in ya san dalilin tafiyar. Abzin kuwa dalilai ne da ita jingim: garin da Shehu ya yi karatu, ƙasar da Gobirawa suka baro, hanyar da kakannin Agalawa suka biyo, ga kuma umarnin da Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama na a yi tafiya a bayan ƙasa a yi tunani a kan halitta da makomar mutanen farko. Wanda ya tsaya a kufan Asode ba ya bukatar wa'azi a kan wannan. Abin da aka rasa shi ne mai shirya tafiyar da harshenmu, da farashinmu, da lokutan salla a cikin tsarinta, da masaukin da mutum zai kai iyalinsa hankali kwance.

Wanda Allah ya nufa da zuwa, akwai abubuwan da hamada ba ta yafewa. Lokacin tafiya daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Da rana akwai daɗin tafiya, amma da dare a kan tudu sanyi na iya kaiwa ga daskarar da ruwa, don haka bargo da rigar sanyi wajibi ne. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi kan wuce digiri 40, hawan dutse a lokacin ganganci ne. Da damina kuma haɗarin na cikin ƙoramu: ana iya yin ruwa a kan tsauni mai nisa, kai kana ƙarƙashin sarari garau, sai ruwa ya taho da duwatsu da itace. Ambaliyar da ta rusa unguwanni a Agadas a farkon Satumban 2009 ta ƙoramar Telwa ta zo. Kada a kwana a cikin ƙorama, komai laushin yashinta. A fita da asuba, a huta daga hantsi ya yi zafi har la'asar. Mai tafiya a ƙasa na bukatar aƙalla lita huɗu zuwa biyar na ruwa a yini, kuma ya riƙa sha tun kafin ƙishirwa ta kama shi, domin busasshiyar iska na shanye gumi mutum bai sani ba. In rabin ruwan ya ƙare, a juya, ko da ƙololuwar na gaban ido. Waya ba ta da sabis a yawancin kwaruruka, saboda haka a gaya wa mai gari ko jami'an tsaro inda aka nufa da lokacin dawowa. Kada a tafi ba jagora, ko da tafiyar yini ce.

Akwai kuma ladabin wuri, wanda a nan nake jin tsoron mu fiye da Turawa. Duk wanda ya ga yadda muke barin ledar ruwa da robobi a wuraren shaƙatawarmu, da yadda matasa ke rubuta sunayensu da fenti a jikin duwatsu, ya san abin da nake nufi. Leda a hamada ba ta ruɓewa, akuya ce ke cinye ta ta mutu. Tafkin da ke tsagin dutse shi ne randar makiyayi da dabbobinsa da namun daji, ba a sa masa sabulu. Zanen da ya shekara dubbai ba a shafa shi da hannu, ba a zuba masa ruwa don hoto ya fito. Kan kibiyar da aka tsinta a mayar da shi inda yake. Ba a ɗaukar hoton mace ba da izininta ba, ba a sare ɗanyen itace don dafa shayi. In ziyarar maƙwabta za ta zama ƙarin annoba, gara a bar wurin yadda yake.

Aikin farko ba ya bukatar jiran UNESCO ko wani mai ba da agaji. Agadas na da jami'a tun 2014, Damagaram da Maraɗi da Tawa kowacce na da tata; ɗaliban tarihi da na labarin ƙasa da na kimiyyar duwatsu a waɗannan jami'o'i bai kamata su karɓi digiri ba su taɓa ganin Dabus ba. Ƙananan hukumomin Timiya da Tabelot da Iferwan na iya tsayar da hanyoyin ƙafa na yini guda da na kwana biyu, su yi rajistar jagorori, su yanka farashi da sefa a rubuta a allo, kaso ya shiga asusun ƙauyen da hanyar ta ratsa. Tsofaffin jagororin zamanin Mano Dayak da suka rage, waɗanda suka san kowane tafki da kowane zane, suna tsufa, kuma yawancin 'ya'yansu suna ramukan zinariya. A haɗa su da matasa su koya musu tun suna da ƙarfin hawa. Kamfanonin motocin haya da ke zuwa Agadas kullum na iya gwada tafiya ta musamman a hutun Disamba. Masu shirya finafinan Hausa da masu ɗora bidiyo a YouTube da TikTok, waɗanda ke neman wurin da ido bai saba gani ba, ga shi nan tafiyar yini biyu daga Kano. Masarautun Gobir da Katsina da Kano kuma suna da tsohuwar zumunta da fadar Sarkin Abzin, kuma wasiƙa daga fada zuwa fada na buɗe ƙofar da takardar ma'aikata ba ta buɗewa, musamman a wannan lokaci da gwamnatocin Abuja da Yamai ke kallon juna a kaikaice.